Yadda ake zagaya kangaye, fadoji da tsofaffin majami'u na gaɓar Northumberland daga ƙauyen Belford

Northumberland ita ce ƙarshen Ingila ta arewa maso gabas, daga ita sai Sikotland. Daga 1296 zuwa 1603, lokacin da sarki ɗaya ya haɗa sarautar ƙasashen biyu, yankin bai rabu da yaƙi da harin satar shanu ba. Shi ya sa duk wanda ya samu hali ya yi ginin dutse mai kauri: sarki ya gina fada a kan tsauni, mai gona ya gina hasumiya, har limaman coci suka riƙa mayar da hasumiyar majami'arsu mafaka. Wanda yake karatu ko aiki a Newcastle, Sunderland, Durham ko Edinburgh zai iya ganin mafi muhimmancinsu cikin kwana uku. Wurin sauka mafi dacewa shi ne Belford, wani ɗan gari a gefen babbar hanyar A1, kimanin mil 15 kudu da Berwick. Daga nan Bamburgh mil biyar ne ko shida, tsibirin Lindisfarne kuma bai wuce mil 12 ba.

Abu ɗaya ne yake juya tafiyar baki ɗaya: teku. Hanyar shiga Lindisfarne ruwa yana rufe ta sau biyu kowace rana. Saboda haka ba kai za ka zaɓi ranar zuwa tsibirin ba, jadawalin ruwa ne zai zaɓa maka, sauran wuraren kuma sai ka jera su a bayansa.

Kayan da za ka tanada

Jadawalin tsallakawa na Lindisfarne. Hukumar lardin Northumberland ce take fitar da shi a shafinta na intanet, rana-rana, na watanni masu zuwa. Ka buga shi a takarda ko ka ɗauki hotonsa, domin sabis ɗin waya yana yankewa a wasu wurare na gaɓar.

Taswira. Ta kamfanin Ordnance Survey, jerin Explorer, lamba 340 ta ɗauki Lindisfarne da Bamburgh, lamba 332 ta ɗauki Alnwick, Craster da Warkworth. Su ne suke nuna hanyoyin ƙafa da doka ta yarda a bi ta cikin gonakin mutane. In ba ka samu ta takarda ba, ka sauke taswirar yankin a waya tun kana inda akwai intanet.

Takalmi mai ƙarfi wanda ba ya shan ruwa, mai tudun tafi. Silifa da takalmin ofis ba su da aiki a nan. Ciyawar jiƙaƙƙiya ce, duwatsun kuma suna da santsi. Sai rigar ruwa mai hula, da rigar sanyi a ciki ko da a watan Yuli ne. Kada ka wahalar da kanka da laima, iskar bakin tekun nan juya ta take yi. Dogon wando ya fi, saboda kaska a cikin doguwar ciyawa.

Katin banki da 'yan sulalla. Yawancin wuraren ajiye mota na kuɗi ne, wani injin kati yake karɓa, wani sulalla. Ruwan sha, guzuri, ƙaramar tocila don lungunan hasumiya, da abin cajin waya na hannu. Musulmi ya ƙara da ƙaramar darduma da gorar alwala, domin babu masallaci a ƙauyukan nan. Alƙibla tana tsakanin gabas da kudu, kusan digiri 120 daga arewa.

Maganar tikiti tana rikita baƙi, don wuraren ba hannu ɗaya suke ba. Kangon gidan zuhudu na Lindisfarne da fadar Warkworth na English Heritage ne, ƙungiyar kula da wuraren tarihi. Fadar Lindisfarne ta National Trust ce, wata ƙungiyar daban mai irin wannan aikin. Dunstanburgh mallakar National Trust ce amma English Heritage ke kula da ita, don haka katin kowacce ƙungiya yana shigar da kai. Bamburgh da Alnwick kuwa gidajen iyalai ne masu zaman kansu, katin waɗannan ƙungiyoyin ba ya aiki a can, sai ka saya a ƙofa ko ta intanet. Wanda ba mazaunin Birtaniya ba ne yana iya sayen fasin baƙi na English Heritage na kwana 9 ko 16, amma sai in zai zarce wasu wuraren a ƙasar. Don kwana uku kaɗai, ka lissafa tukuna ka ga ko zai biya kansa.

1. Fitar da ranar Lindisfarne daga jadawali

Teku yana cika kusan kowane awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana ja baya da kimanin minti 50. Ke nan abin da ya yi wa wani daidai ranar Asabar ɗin da ta wuce ba zai yi maka ba wannan Asabar ɗin. A jadawalin za ka ga kowace rana an raba ta gida-gida: lokacin da hanya take buɗe, da lokacin da take rufe. Abin da kake nema shi ne ranar da hanya take buɗewa da hantsi, misali ƙarfe tara ko goma, ta kai la'asar a buɗe. Irin wannan ranar tana ba ka awa biyar zuwa shida a tsibirin, kuma hakan ya isa.

In babu irin wannan ranar a cikin kwanakinka, akwai wata dabara: ka shiga kafin a rufe, ka bari ruwa ya rufe ka a ciki, ka fito bayan ya janye. Wannan ya fi daɗi ma, domin motocin 'yan yawon buɗe ido sun fice, tsibirin ya koma na mazaunansa da ba su kai mutum 200 ba. Sai dai wasu shaguna da wuraren cin abinci suna rufewa da zarar baƙi sun tafi, kuma ba ka da hanyar fita na tsawon awa biyar ko kusa da haka. Mai ƙananan yara ko mai shan magani a kan lokaci ya yi shiri.

Kuskuren da aka fi yi guda uku ne. Na farko, duba jadawalin cikar teku na masunta maimakon jadawalin tsallakawa. Ba abu ɗaya ba ne, kuma wasu jadawalolin masunta ba sa bin canjin agogon bazara, sai ka sami kanka da kuskuren awa guda. Na biyu, dogaro da taswirar waya, wadda take nuna hanya kamar kowace hanya ba tare da ta san ruwa ya hau ba. Na uku, barin fita sai mintin ƙarshe. Iska mai ƙarfi daga teku tana iya turo ruwa kafin lokacin da aka rubuta, musamman a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, wato farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, lokacin da cikar teku ta fi yawa da sauri. Ka ɗauka cewa lokacinka ya ƙare rabin awa kafin abin da takarda ta ce.

2. Tsallakawa

Daga Belford ka hau A1 ka yi arewa, ka karya dama a mahaɗar Beal. Daga mahaɗar zuwa garin tsibirin mil biyar ne. Kafin ka kai bakin ruwa akwai mararrabar jirgin ƙasa ta layin Landan zuwa Edinburgh, kuma shingen yana iya tsare ka 'yan mintuna. Ka sa wannan a lissafi. A bakin hanyar an kafa allo da jadawalin. Tsaya ka sake dubawa.

Kwaltar da aka shimfiɗa a kan yashin tun 1954 siririya ce, sau da yawa akwai ragowar ruwa da ciyawar teku a kanta ko da a buɗe take. Ka tafi a hankali. Wuri mafi haɗari shi ne ƙaramar gadar da ke tsakiya, inda ƙorama take ratsawa, nan ruwa yake fara hawa. A gefenta akwai wani ɗan ɗakin katako fari a kan dogayen ƙafafu, da tsani. An yi shi ne don wanda ruwa ya rutsa da shi. Ƙa'idar ita ce: in ka iso ka ga ruwa ya shafe kwalta, ka juya, ko da wata mota ta shige a gabanka. In kuwa ruwa ya riga ya kama ka, ka bar motar, ka hau ɗakin, ka kira 999 ka nemi masu tsaron gaɓar teku. Motar dai ta tafi, ruwan gishiri ba ya barin inji da rai.

Akwai kuma hanyar masu ziyarar ibada, wadda ake bi da ƙafa ta kan yashi, an jera dogayen sanduna a miƙe na kusan mil uku. Mutane da yawa ba takalmi suke binta, don laka tana kai ƙauri a wasu wurare. Jadawalin hukuma na kwalta ne, ba na wannan hanyar ba, kuma yashin ya fi kwalta saurin nutsewa. Ana binta da rana kawai, lokacin da ruwa yake janyewa, a ware mata awa biyu, kuma a gama kafin tsakiyar lokacin da hanya take buɗe ya wuce. In akwai hazo, ko kai kaɗai ne kuma karon farko, ka haƙura ko ka bi ɗan jagora.

Baƙi suna ajiye mota a babban filin da ke bakin gari. Kada ka kutsa da mota cikin lungunan garin.

3. Yadda za ka raba lokacinka a tsibirin

Fara da abin da ya fi nisa, wato fadar, mil guda daga gari ta bakin tashar jiragen kamun kifi. A hanya za ka wuce tsofaffin kwale-kwalen kamun kifi da aka kifar aka yanke, aka yi musu ƙofa suka zama ɗakunan ajiya. Fadar ƙarama ce, a kan wani curin dutse. An gina ta wajen 1550 a matsayin sansanin tsaron tashar, da duwatsun da aka kwaso daga gidan zuhudu bayan an rufe shi. A farkon ƙarni na 20 wani attajiri mai suna Edward Hudson ya karɓe ta, mai zanen gine-gine Edwin Lutyens ya mayar da ita gidan hutu, Gertrude Jekyll kuma ta tsara ɗan lambun da ke arewa da ita a 1911. Don haka abin da za ka gani a ciki gidan attajiri ne, ba barikin soja ba. Wanda lokacinsa ya ƙure zai iya barin ciki, ya zagaya ta baya ya ga manyan murhunan ƙona farar ƙasa na 1860, waɗanda kyauta ake shiga. Lokutan buɗe fadar suna bin jadawalin ruwa, kuma a rufe take da hunturu.

Ka dawo gari ka ba gidan zuhudu mafi yawan lokacinka. A 635 ne wani ɗan zuhudu mai suna Aidan ya zo daga tsibirin Iona na Sikotland bisa gayyatar Sarki Oswald ya kafa shi, daga nan Kiristanci ya bazu a arewacin Ingila. Cuthbert ya zama bishop ɗin wurin a 685, ya rasu a 687, kabarinsa ya zama wurin ziyara. A nan aka rubuta shahararren littafin Linjila mai zane na Lindisfarne a farkon ƙarni na 8. Ainihinsa yana ɗakin karatu na British Library a Landan, kada ka zo nemansa a tsibirin. A 793 mahara daga Sikandinebiya suka faɗa wa wurin, harin da ake ɗauka a matsayin mafarin zamanin Viking a Ingila. A 875 'yan zuhudun suka ɗauki gawar Cuthbert suka bar tsibirin, ba ta sami matabbata ba sai a Durham a 995.

Ga inda baƙi suke ruɗewa: jan kangon da kake gani ba na zamanin Aidan ba ne. Gine-ginen farko na katako da ciyawa ne, ba su tsira ba. Wannan na 'yan zuhudun Durham ne da suka dawo a ƙarni na 12, aka rufe shi a 1537 a zamanin Sarki Henry na Takwas. Ka fara shiga ƙaramin gidan kayan tarihin da ke ƙofa, ka ga duwatsun kaburbura masu suna na zamanin farko, sannan ka fita cikin kangon. Tsaya a tsakiya ka ɗaga kai: baka guda ɗaya siririya ta tsallaka sama daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ita kaɗai ta rage daga abin da ya ɗauki hasumiyar tsakiya. Ka dubi ginshiƙan da aka yi wa zanen zigizag irin na babbar majami'ar Durham, ka kuma dubi yadda iskar gishiri ta rarake jan dutsen ya zama ramuka-ramuka. A bangon yamma, can sama, akwai tsagogin harba kibiya. Har gidan ibada sai da aka yi masa shirin yaƙi.

Majami'ar St Mary tana manne da kangon, ita kuma har yau ana ibada a cikinta. A ciki akwai sassaƙen katako na 'yan zuhudu shida ɗauke da akwatin gawar Cuthbert, tsayinsu ya fi na mutum. Daga nan ka hau tudun da ke kudu da kangon, inda tsohuwar hasumiyar masu gadin teku take. Daga sama kana ganin tsarin gidan zuhudun gaba ɗaya, da Bamburgh can kudu. Gargaɗi biyu ƙanana. Wani abin sha na zuma da ake yi a tsibirin, wanda ake ba baƙi ɗanɗano kyauta, giya ce. Sannan in ka shiga tuddan yashi na arewa, wata ƙarangiya da ta samo asali daga New Zealand tana maƙale wa safa da wando. Ka cire ta kafin ka fita, don hukumar kula da wurin ba ta so a yaɗa ta.

In ka fito da sauran rana, majami'ar St Anne a ƙauyen Ancroft, tsakanin Beal da Berwick, ta cancanci rabin awa. 'Yan zuhudun Lindisfarne ne suka gina ta a ƙarni na 12, daga baya aka ɗora mata hasumiyar mafaka a ƙarshenta na yamma, mai 'yan tagogi ƙanana.

4. Bamburgh: fara da majami'a, sannan fada

Yawancin mutane suna wucewa kai tsaye zuwa fadar, su gaji, su bar majami'ar St Aidan da ke ɗaya ƙarshen ƙauyen. Ka juya tsarin. Da safe majami'ar shiru take. A nan Aidan ya rasu a 651, kuma a saman rufin hasumiyar, ta ciki, akwai wani gungume mai reshe biyu da al'ada ta ce shi ya jingina da shi. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa an ajiye ƙasusuwan mutum 110 na zamanin Anglo-Saxon, wato kafin 1066, waɗanda aka tono daga tuddan yashi kusa da fadar aka sake yi musu makwanci a nan a 2016. Matakalar ƙunci gare ta, ka riƙe ƙarfe.

A maƙabarta akwai ginin tunawa da Grace Darling, 'yar mai kula da fitilar teku ta Longstone. A watan Satumba na 1838 ita da mahaifinta suka tuƙa kwale-kwale cikin guguwa suka ceto mutum tara daga jirgin Forfarshire da ya fashe. Ta rasu a 1842 tana da shekara 26. Kwale-kwalen yana ƙaramin gidan tarihin da ke tsallaken titi.

Fadar tana kan wani baƙin dutse mai tauri da ya tsaya a bakin teku, kuma nan ne mazaunin sarakunan yankin tun ƙarni na 6. Babbar hasumiya mai kusurwa huɗu da ke tsakiya ta ƙarni na 12 ce. A 1464, lokacin yaƙin basasar gidajen York da Lancaster, aka rushe ganuwarta da igwa, kuma ita ake lissafawa fada ta farko a Ingila da igwa ta ci. Mafi yawan abin da ke tsaye yanzu gyaran William Armstrong ne, mai masana'antar makamai na Newcastle, wanda ya saye ta a 1894. Har yau tana hannun iyalinsa. Awa biyu zuwa uku sun isa. In kuɗin shiga ya yi maka yawa, ka bi hanyar yashi ka sauka bakin teku ta arewa. Daga can ne fadar ta fi kyan gani, kuma ba ka biyan ko sisi.

5. Dunstanburgh: tafiyar ƙafa ce

Mota ba ta kaiwa. Ka ajiye ta a filin tsohon wurin fasa dutse da ke bakin ƙauyen Craster, ka shiga banɗaki a nan tun da babu a fadar, ka bi ta tashar jiragen ruwa ka yi arewa. Tafiyar kusan kilomita biyu ce ta cikin makiyaya a gefen teku, rabin awa ga mai tafiya a hankali. Da bazara filin motar yana cika kafin hantsi ya ɗaga. In ka tarar da shi cike, akwai wata hanyar ƙafa daga wajen Embleton ta arewa.

Makiyayar gonar mutane ce. A Ingila ba a yarda ka ratsa gonar wani yadda ka ga dama ba, sai ta hanyar da aka ware. Kibiya ruwan ɗorawa a jikin ƙyaure tana nufin hanyar masu ƙafa. Ƙyauren da ka tarar a rufe ka rufe shi bayanka. Saniya mai ɗan maraƙi ka ba ta fili, kada ka ratsa tsakaninsu.

Thomas na Lancaster, ɗan baffan Sarki Edward na Biyu kuma babban abokin hamayyarsa, shi ya fara ginin a 1313. Ka dubi ƙofar: hasumiyoyi biyu masu kauri kamar manyan rumbuna, an yi su don a hango daga nesa a san mai gidan ba ƙaramin mutum ba ne. Bai more ta ba, an kama shi an kashe a 1322. A shekarun 1380 John na Gaunt, wanda fadar ta koma hannunsa, ya toshe wannan ƙofar ya mayar da ita wurin zama, ya buɗe wata a gefe. In ka lura za ka ga tushen sabuwar ƙofar ta hagu. Ana hawa ɗaya daga cikin hasumiyoyin ta matakala mai murɗewa. Ka taka gefen bango inda matakin ya fi faɗi, ka jira mai saukowa ya wuce. Ta arewa filin fadar yana ƙarewa ne a kan gangare mai tsayi da ya faɗa teku, inda tsuntsaye suke sheƙa da bazara. Riƙe hannun yara a wajen. In iska ta yi tsanani ana rufe wurin ba sanarwa mai tsawo, don haka ka duba shafin English Heritage da safen.

Craster ta shahara da kyafaffen kifi, kuma shi ne abincin da ya fi sauƙi ga mai neman halal a gaɓar nan. Soyayyen kifi da dankali kuwa sai ka tambaya: wasu shaguna da kitsen shanu suke suya, wasu kuma suna kwaɓa fulawar da giya.

6. Warkworth, in akwai rana ta uku

Garin yana cikin lanƙwasar kogin Coquet, fada a sama, majami'a da tsohuwar gada mai hasumiya a ƙasa. Fadar ta gidan Percy ce, kuma babbar hasumiyarta ta ƙarshen ƙarni na 14 tana nan kusan cikakkiya, har kana iya bin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya: ma'ajiyar abinci a ƙasa, madafa mai manyan murahu, zauren baƙi, ɗakin ibada. Wanda yake so ya gane yadda ake zama a irin waɗannan gidaje, nan zai gane, ba a Dunstanburgh ba. Kimanin rabin mil a gefen kogi akwai wani ɗakin ibada da aka sassaƙa cikin dutse, sai an tsallakar da kai a kwale-kwale, kuma ba kullum ake buɗe shi ba; ka tabbatar da ranar kafin ka taka. Majami'ar St Lawrence ta zamanin Norman ce, wato ƙarni na 12, a cikinta aka kashe mutanen garin da suka fake lokacin harin Sikotawa na 1174.

7. Shiga majami'ar ƙauye

Yawancinsu a buɗe suke da rana, kuma ba a tambayar addinin mai shiga. Ƙofar nauyi gare ta, sai ka murɗa zoben ƙarfen ka tura da ƙarfi kafin ka yanke cewa a kulle take. In a kullen take, duba allon sanarwa a shirayin ƙofa, sau da yawa an rubuta inda mabuɗi yake. Ba a cire takalmi, amma al'adarsu namiji yana cire hula. Mace da ɗankwali ko hijabi ba matsala. Kada ka tsallake ɗan shingen da ke gaban bagadi. In ka tarar ana sujada, ɗaurin aure ko jana'iza, ka dawo anjima. Safiyar Lahadi ba lokacin yawon kallo ba ne. Akwai akwati ko injin kati kusa da ƙofa don gudummawa, domin 'yan ƙauyen ne suke ɗaukar nauyin gyaran rufin. Ka ja ƙofa in za ka fita, tsuntsu in ya shiga ba ya iya fita.

Don gane shekarun gini ba tare da ɗan jagora ba, dubi bakar ƙofa da taga. Mai zagaye kamar rabin faifai, da bango mai kauri da ƙananan tagogi, ta zamanin Norman ce, daga 1066 zuwa ƙarshen ƙarni na 12. Mai tsini a sama ta biyo baya. In komai ya yi sumul, duwatsun girmansu ɗaya, gefensu da kaifi, to gyaran ƙarni na 19 ne ko da fasalin tsoho ne. Majami'a ɗaya takan haɗa duka ukun.

A kangayen kuma doka tana da tsauri. Ba a hawa bango, ba a ɗaukar dutse komai ƙanƙantarsa, ba a rubuta suna. Yin amfani da na'urar neman ƙarfe a wurin tarihi mai rajista ba da izini ba laifi ne ƙarƙashin dokar 1979, kuma ƙungiyoyin biyu ba sa yarda a tashi ƙaramin jirgi mai kyamara a wurarensu sai da izini.

8. In babu mota, ko lokacin hunturu ne

Jirgin ƙasa daga Newcastle ko Edinburgh yana kai ka Berwick cikin kimanin minti 45. Tashar Alnmouth ita ce ta kusa da Warkworth da Alnwick. Bas mai lamba X18 yana bin gaɓar ta Warkworth, Alnwick, Craster, Seahouses, Bamburgh da Belford, X15 kuma yana bin A1. Ba su da yawa a rana, ranar Lahadi sun fi ƙaranci, don haka lokacin bas na ƙarshe shi za ka fara rubutawa. Zuwa Lindisfarne akwai bas 477 daga Berwick, wanda ba kullum yake tashi ba kuma lokacinsa yana bin ruwa. In bai dace ba, ka yi waya ka kama tasi tun jiya, ka kuma tsayar da lokacin da zai dawo ya ɗauke ka. Babu tashar tasi a tsibirin. Wajen gaya wa direba inda za ka, mutanen wurin "Anik" suke ce wa Alnwick, "Berik" ga Berwick, Bamburgh kuma "Bambara".

Daga Afrilu zuwa Oktoba ne kusan komai yake buɗe. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura kwata na dare, kana iya haɗa Bamburgh da Dunstanburgh a yini guda ba gaggawa. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu duhu ya yi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, wuraren English Heritage da yawa sai Asabar da Lahadi, wasu a rufe ɗungurum. A irin wannan lokacin ka tsara wuri ɗaya a rana, ka cike da majami'u da kangayen da ba su da mai karɓar tikiti, irin su Edlingham da ke yamma da Alnwick, inda kangon fada da majami'a mai hasumiyar mafaka suke fili ɗaya, ana shiga kyauta muddin akwai hasken rana. Hanyar zuwa can siririya ce, ta mota ɗaya. In ka haɗu da wata, wanda ya fi kusa da wurin kaucewa shi yake ja da baya.